Kifin da Na Ce na Wudil Ne

Bana ruwa bai yi mana rowa ba. Tun da damina ta kankama kusan kullum sai an yi, kuma da yake an cike kududdufin bayan gidanmu an gina shaguna a kansa, ruwan ba shi da wurin zuwa sai tsakar gidanmu. Ni ina ɗaki ina takaba, sai dai in ji ana kwasarsa da bokiti ana watsawa waje. Idan ya janye yakan bar wata baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ganye. Jikoki suna toshe hanci. Ni kuwa da na shaƙi warin nan sai in ga Malam, mijina, yana shigowa da ƙwarya a kafaɗa, wandonsa jiƙe har ƙugu, kamar yadda ya riƙa shigowa a wata shekara, yau kusan shekara arba'in ke nan.

A wannan shekarar na ɗora masa laifin da ba nasa ba. Ya ɗauka, kuma da shi aka kai shi makwancinsa. Ban yi karatu mai nisa ba, ajin manya na shiga bayan na gama haihuwa, amma abin da na iya ya isa in rubuta abin yadda ya faru.

Azumi ya faɗo a farkon damina. Daminar da ta gabata ba ta yi albarka ba, wannan kuma aka yi ruwa sau biyu ya ɗauke. Bayan la'asar hadari yakan haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, mu fitar da randuna da baho mu jera a ƙarƙashin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi. Mu mayar da kayanmu ba mu kalli juna ba. Katangar ɗaki tana riƙe zafi har bayan magariba, in ka jingina da ita sai ka ji kamar murhu. Rijiyarmu ta ja baya, sau biyu ana ƙara wa guga igiya. Kunun buɗa-baki kullum sai ƙara tsinkewa yake yi, har ya zama ludayi ba ya tsayawa a cikinsa. Tuwo ya koma sau ɗaya, miyar kuwa kuka ce da gishiri da ɗan daddawa. Yaranmu biyu a lokacin, ba su isa azumi ba, amma kusan tare da mu suke yi.

Malam tela ne a Ƙofar Wambai. A shekarun da suka wuce, in azumi ya raba tsakiya ba ya samun sukunin zama saboda ɗinkin salla. A wannan shekarar babu mai kawo yadi, sai faci da rage wuyan tsohuwar riga. Ya tafi da safe, ya dawo da azahar, ya wanke ƙafa ya zauna a soro.

Shi ba ɗan birni ba ne. Iyayensa masunta ne a fadamar ƙasar Haɗeja, ya zo Kano yana saurayi ya koyi ɗinki. Mu kuwa gidanmu a Madabo gidan malamai ne. Baba ya ba shi ni ne don ya ga ba ya fashin karatun zaure. Yayana, Yaya Tijjani, bai so ba tun farko. "Mutumin ruwa" yake ce masa in ba ya kusa. Ni ma, in zan faɗi gaskiya, ban taɓa ce wa ƙawayena ɗan masunta nake aure ba. Tela nake cewa, in tsaya nan.

Ran goma ga azumi na ga ya zauna da zaren ɗinkin buhu yana ƙulla wani abu, yatsunsa na tafiya da sauri kamar ba shekara goma sha biyar rabonsa da aikin ba.

Na ce, "Malam, me ake saƙawa?"

Ya ce, "Koma."

"Koma kuma? Ta kamun kifi? A wane kogin?"

Ya nuna bayan gida da haɓa.

Kududdufin nan duk kwatocin unguwa a cikinsa suke ƙarewa. Ruwan wanke-wanke, ruwan wanka, ƙasarin gero, kashin awaki da ruwan sama ya kwaso, duk can. An san akwai kifi a ciki, amma babu gidan da ake ganin mutuncinsa a unguwarmu ta Zaitawa da zai ɗora shi a tukunya.

Na ce, "Haba Malam. Abin da ƙazanta yake ci?"

Ya yi dariya bai ɗaga kai ba. "’Yar malamai. Kazar da kike yankawa da salla, tuwon shinkafa take ci a bola?"

Na shige ɗaki.

Da tsakar rana yake fita, lokacin da azumi ya kwantar da kowa, lungu ya yi shiru. Ruwan ya ja baya sosai, gefensa ya zama laka mai tsagewa, kifin duk ya taru a tsakiya. Yakan shiga har ƙirji, yana azumi, rana na dukan kansa, ruwa ta ko'ina ba damar kai ɗigo baki. Kafin azahar ya dawo. Leɓensa a bushe, ƙafafunsa duk tsagar kwalba da gwangwani.

Ba ya yarda a ci kifin a ranar. Ya samo kwatarni uku ya jera a bayan madafi. Ta farko ta kamun yau, ta biyu ta jiya, ta uku ta shekaranjiya. Tarwaɗa da ƙurungu da rai yake zuba su a ruwan rijiya, ba a ba su komai, safe da yamma a canza ruwa. Ni ke jan gugan, shi yake juyewa. Ranar farko ruwan yakan yi baƙi da wari. Rana ta biyu ya yi fatsi-fatsi. A rana ta uku sai ka ga ƙasan kwatarniya tas, to sannan ne ake yankawa. Karfasa ita ba ta jure zaman tukunya, don haka nan take yake farke ta, ya kankare baƙin da ke cikinta da bakin cokali, ya wanke da tsamiya, ya shafa gishiri ya shanya a kan faifai. Ya ce haka mahaifiyarsa take yi wa kifin tafkin da ya kusa ƙafewa.

Wata rana yana gyara, ina tsaye nesa da mayafi a hanci, ya ce, "Dije, zo ki ga wani abu."

Na matso ba don ina so ba. Ya zaro hanjin karfasa ya miƙar da shi a kan turmi. Siriri ne, dogo, ya ninka tsawon kifin sau da yawa, cike da wani abu kore.

"Kin gani? Ita gansakuka take lasa da laushin saman laka. Abincin ba ƙarfi, shi ya sa Allah ya ba ta doguwar hanya ta tace shi." Ya farka ƙurungu. "Wannan shi haƙa yake da baki. Ga tsutsar laka, ga ɓawon ƙananan katantanwa. Tarwaɗa kuwa hanjinta gajere ne, ita ba ta da zaɓi, abin da ya faɗo ko ya mutu nata ne."

Na ce, "Duk dai ƙasan ruwa ɗaya suke ci."

"Ƙasa ɗaya, kwano daban-daban. A wajenmu in ruwa ya malala fadama, ciyawa ta ruɓe a ƙarƙashinsa, abinci ya yi yawa, in ka farka su duk abu ɗaya za ka tarar a cikinsu. Amma da ruwa ya ja baya, wuri ya matse, sai kowanne ya koma ga abin da bakinsa ya fi iyawa. Shi ya sa ba sa ƙarar da juna." Ya goge hannu. "Kuma in ba don su ba, da warin kududdufin nan ya kore mu daga unguwar."

Yana maganar fuskarsa ta saki, yadda ban taɓa gani ba in yana maganar ɗinki. Na lura da haka.

Kwana biyu na yi ina dafawa ba na ci. A na uku ƙamshin romon tarwaɗa da citta da masoro ya cika gidan tun kafin a kira salla. Da aka sha ruwa na ɗebi kaɗan na juya baya na sha. Malam ya gani. Bai tsokane ni ba, sai ya tura mini kan kifin da ke kwanonsa. Cikin mako ɗaya yaran suka fara wasa a tsakar gida kamar da.

A lokacin ne aka aiko daga Madabo cewa Baba ba shi da lafiya. Zazzaɓi ya kwantar da shi, an hana shi azumi, kuma komai aka ba shi sai ya dawo da shi. Malam ne ya ce in zuba masa romo a langa. Da kansa ya kai, ya tsaya a zaure ya miƙa aka shigar. Washegari Inna ta aiko cewa Baba ya shanye tas, ya zauna a cikinsa, a ƙaro. Daga nan kullum bayan la'asar Malam yana kan hanyar Madabo da langa a ɗaure cikin ƙyalle.

Da na je dubiya na tarar Baba ya iya tashi zaune. Yaya Tijjani yana gefe yana yi masa fifita. Baba ya ce, "Dije, Allah ya yi miki albarka. Wannan kifi daga ina mijinki yake samo shi a wannan marra?"

Da na faɗi gaskiya, ban san abin da Baba zai ce ba. Har yau ban sani ba. Amma na dubi Yaya, na dubi littattafan da ke jere a bango, sai na ji bakina ya ce, "Na Wudil ne, Baba. Wani abokinsa ne yake kawo masa daga kogi."

Baba ya ce, "Ai na ji. Kifin kogi daban yake."

Na dawo gida ban gaya wa Malam ba.

Ran ashirin da uku ga azumi Yaya Tijjani ya biyo ta Zaitawa da tsakar rana, zai je ta'aziyya. Ya yanke ta bakin kududdufi don rage hanya. Ina tankaɗen garin kunu na ji sallamarsa, kuma tun daga muryar na san akwai magana. Ya shigo, Malam yana bayansa da ƙwarya, laka har wuya, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Yaya bai zauna ba. Ya zagaya bayan madafi ya leƙa kwatarnin nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ruwanta baƙi ne a ranar.

Ya ce, "Dije, kifin da ake kai wa Baba, wannan ne?"

Na ci gaba da tankaɗe.

"Da ke nake. A gabana kika ce na Wudil ne. Kin san daga kwatar unguwa ake tsamo shi kika ɗura wa mahaifinki, malamin da mutane ke bi salla?"

Rariya tana hannuna. Na tuna garin yana zuba a ƙafata. Na ce, "Ni ban sani ba, Yaya. Wannan na yara ne. Na Baba shi yake kawowa daban, ya ce mini na Wudil ne."

Malam ya ɗago ya dube ni. Bai daɗe ba, kamar ƙiftawa biyu. A nan ne ya fara jin sunan Wudil a maganar. Sannan ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya durƙusa a gaban Yaya, wanda shekara biyu kawai ya ba shi.

Ya ce, "Haka ne, Yaya. Ni na gaya mata. A yi haƙuri."

Yaya ya ce, "Talauci ba abin kunya ba ne, Habu. Da ka zo ka ce babu, da an san yadda za a yi. Amma ƙarya, cikin azumi, ga surukinka? Kada in ƙara ganin langar nan a ƙofar gidanmu."

Ya fita. Malam ya tashi ya ja ruwa ya yi wanka ya tafi masallaci. Na yini ina jiran ya dawo ya yi mini faɗa, har na shirya kukan da zan yi. Da ya dawo ya tsaya a bayan madafi ya ce, "Dije, ta tsakiyar nan ta yi kumfa. Kawo guga."

Na kawo. Na ja, ya juye. Shi ke nan abin da ya ce.

Washegari ya je Madabo ya durƙusa a zaure ya ba da haƙuri. An ce Baba bai ce komai ba sai "Allah ya kyauta." Inna ta gaya mini daga baya cewa sau biyu Baba yana tambayar romo bayan la'asar, sannan ya daina. Ya koma kunu, kunun ma cokali biyu. Ya ɗan warware da ƙaramar salla, ya rasu kafin babba. Ba na cewa rashin romon ne, kwana ne ya ƙare. Amma na san da me ya samu ya tashi zaune, kuma na san bakin da ya yanke masa shi.

Malam bai daina shiga kududdufi ba, don yara suna bukata. Sai dai ya daina ɓuya, tunda maganar ta riga ta zagaya. Wasu matan unguwa da suka fi kowa yatsina fuska suka riƙa aiko da kwano ta bayan gida, yana zuba musu daga kwatarniya ta uku. Kwana huɗu bayan salla aka yi ruwa na gaske, tun hantsi har la'asar, indararo yana zuba kamar an ɓalle famfo. Mutane suka fito lungu suna jiƙewa da gangan. Kududdufi ya cika ya shafe lakar. Malam ya wanke komarsa ya rataye, a hankali ɗinki ya dawo.

Maganar ce ba ta wanku ba. A gidanmu ba a ƙara ɗaukar maganarsa da nauyi ba. In ya faɗi abu a taron dangi, sai Yaya ya juya ya tambayi wani ko haka ne. Lokacin rabon gidan Baba an bukaci wanda ya ji wata wasiyya da ya yi, Malam yana wurin lokacin da aka yi ta, amma Yaya ya ce a nemo wani, ba a kafa shaida da Habu. A gaban mutane ya faɗa. Malam ya sa takalminsa ya dawo gida ya ci tuwonsa.

Sau ɗaya na tayar da maganar, bayan mun aurar da babbar ’yarmu. Na ce, "Malam, zancen nan na shekarar fari, ina so in je in gaya wa Yaya."

Ya ce, "Ki bar shi. Shi yayanki ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni baƙo ne a gidan. Gara ya riƙe ni da ya riƙe ki."

Na ce to. Da sauri na ce to ɗin, kuma na ji sanyi a raina da ya hana ni. Wannan ya fi damuna yanzu fiye da ƙaryar farko. Ta farko tsoro ne ya fizge ta daga bakina. Wannan kuwa a zaune nake, hankalina a kwance, babu mai tsaye a kaina.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in. Bayan mutane sun watse Yaya Tijjani ya shigo ɗakina. Ya tsufa, da sanda yake tafiya, idonsa ɗaya ya tafi. Ya zauna a bakin gado da ƙyar, ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa.

Sannan ya ce, "Dije, ina so ki sani, don hankalinki ya kwanta. Abin nan da Habu ya yi wa Baba, na yafe masa. Ranar da aka binne shi, a bakin kabari na ce na yafe. Mutum ne mai haƙuri, in ka cire wannan."

Na ji kamar in ce Allah ya saka da alheri. Kalmar tana bakina, ita ce mai sauƙi, kuma babu sauran wanda zai ƙaryata ni a duniya.

Na ce, "Yaya, bai taɓa cewa na Wudil ba ne."

Ya karkato da kunnensa mai ji. "Me kika ce?"

"Ni na ƙirƙira. Bai san na faɗa ba sai a ranar da ka shigo. Na san daga inda kifin yake tun ranar farko, ni nake jan ruwan da ake wanke shi. Kunyarka na ji, da kunyar gidanmu. Da ka tsare ni sai na jefa masa."

 Yaya ya riƙe sandarsa da hannu biyu. A waje ina jin ana tattara tabarmi.

Ya ce, "Ya durƙusa mini."

Na ce, "Ya durƙusa."

"Na hana a karɓi shaidarsa. A gaban ’ya’yansa."

"Ina wurin."

Ya sunkuyar da kai. Na yi zaton zai zage ni, kuma da ya zaga da na ji sauƙi. Sai ya ɗago, ya dube ni da idon nan guda, muryarsa ta yi ƙasa kamar ta yaro.

Ya ce, "To Dije, ni yanzu wa zan je in roƙa gafara?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Ni da na kwana ɗaki ɗaya da shi fiye da shekara arba'in, ban roƙa ba."